Tuwo Ruwa-Ruwa

Dada ta buɗe kwanon, ta ga tuwon dawa ruwa-ruwa da dakakken nama a cikin miya, ta ture shi da ƙafa.

"Wato na zama jaririya ke nan a gidan ɗana?"

Nasiha, matar ɗanta Ƙasimu, ta durƙusa ta kwashe abin da ya zube. "Ki yi haƙuri, Dada."

Kowa a garin Sara ya san Dada na sa haƙoran roba, sama da ƙasa, tun da aka cire mata ragowar nata a Birnin Kudu. Ta sha wuyarsu. Dasashinta ya yi miki, gishirin miya ya daina kai mata, ƙwayar riɗi in ta shige ƙarƙashinsu sai ta yi ƙwalla. Amma ta koya. Tana yanka nama ƙanana, ta tauna ta gefe biyu a hankali, ba ta taɓa neman a tausaya mata ba.

Sai ga wannan yarinya ta mayar da girkin gidan kaf na marasa lafiya: fate, kunu, wake da aka dafa har ya narke. Ƙanzo ma ya ɓace. A wurin Dada, wannan gori ne ake zuba mata a kwano safe da yamma.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Ƙasimu. Tun da ya dawo daga doguwar jinya a Kano, bayan babur ya kayar da shi a hanyar Gwaram, ya daina zama cin abinci kusa da ita. A ɗaki yake ci, ƙofa a rufe. Gaisuwarsa ta gajarce, dariyarsa ta ɗauke. Raken da ta sayo masa ya bushe a zaure. Dada ba ta buƙaci a gaya mata wadda ta raba ta da ɗanta ba.

Da layya ta zo, Nasiha ta dake ragon gaba ɗaya ta yi dambu. Ko tsoka ɗaya ba ta soya ba.

Washegari da hantsi Dada ta nufi ɗakinsu. Nasiha ta tare ƙofa.

"Don Allah, Dada, bai shirya ba."

"Matsa, munafuka! Yau ko ke ko ni a gidan nan."

Dada ta bangaje ta, ta yaye labule, bakinta cike da maganar saki.

A kan kujera akwai kofin ruwa, haƙora jere a ciki, sama da ƙasa. Dada ta kai harshe ta taɓa nata, suna nan daram. A bakin gado kuwa Ƙasimu ne zaune, kumatunsa sun lotsa kamar na tsoho, yana ƙoƙarin rufe bakinsa da tafin hannu.