Shafin da Ya Sha Mai

Shekarar da gero bai yi ba, Inna ta fara suyar ƙosai a tashar ƙauyenmu, kan hanyar Minjibir, ni ce mai naɗewa. Malam Sabo, malaminmu na Hausa, yakan bar littattafan labarin da ya gama karantawa a bencin tashar, matafiyin da ya so ya ɗauka. Inna ta tsinci ɗaya, ta ga ba rubutun Larabci ba ne, sai ta yayyaga shi muka samu takardar naɗi.

Da la'asar sai ga Malam ya zo sayen ƙosai. Na miƙa masa. Ya warware ƙullin, ya tsaya yana karanta shafin da mai ya jiƙe. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ke da kika iya karatu," ya ce a hankali, "ki riƙa naɗewa a jere, mai saye ya samu bin labarin."

Inna ta yi dariya, ta ƙara masa gyara. Ni kuwa na kasa ɗago kai. Har yau ba na iya cin ƙosai sai na karanta takardarsa.