Hannun Albin Manser

Albin Manser ya rataya takobinsa ya nufi dandali. A gundumarmu takobi ne shaidar mai zaɓe, mace kuwa ba ta riƙe shi. Sau ɗaya a shekara maza kan cika fili, a karanta doka, a ɗaga hannu, mata na leƙe ta tagogi.

Dokar bana ita ce a ba mata ƙuri'a. In ta faɗi, sai an yi shekaru kafin a sake tayar da maganar.

'Yarsa Rosli, malamar makaranta, takalminta har ya cinye wajen bin gida-gida tana nema wa dokar goyon baya. Amma ta san inda gizo ke saƙa: duk inda hannun mahaifinta ya nufa, nan rabin gari ke bi. Shekara talatin bai taɓa zaɓen tumun dare ba. Kafin ya motsa hannu sai ya ɗaga kai sama ya yi tsit, jama'a na cewa da Ubangijinsa yake shawara.

"Baba, ka fa yi mini alkawari."

"Na yi, 'yar nan. Sai dai abin da aka nufa daga sama."

Uwarta Zita na can gefe tana aikinta. Ita ba ruwanta da siyasa. Ko ranar zaɓe, ana hayaniya a dandalin da ke ƙofar gidanta, shanyar bargo take yi a tagar bene, wata shekara fari, wata ja.

Aka karanta dokar. Albin ya dubi sama, ya daɗe fiye da kullum. Aka kira masu goyon baya, hannunsa na aljihu. Aka kira masu ƙi, ya miƙa shi, rabin fili ya bi. Doka ta sha ƙasa.

Rosli ta hau bene a fusace. Ta tarar da uwarta tana janye jan bargo daga taga.

"Mama, ya ci amanata! Ke ko haushi ba ki ji ba? Ƙuri'a ɗaya tak, sun hana ki!"

Zita ta ninke bargon a tsanake.

"Ɗaya? Ke dai yarinya ce. Shekara talatin ina jefa ta rabin gari daga tagar nan, fari a yarda, ja a ƙi. In aka ba ni tawa, ai sai ubanki ya ce shi ma zai fara zaɓe da kansa."