Ɗoɗɗoyar Kan Iyaka

Tunda ka ce arzikin maƙwabcinka ya fara tsone maka ido, bari in ba ka misalin wani manomin kankana. Mutumin nan ba rago ba ne, kuma Allah bai hana shi ba. Duk shekara sai an shigo da amalanke ake kwashe kankanarsa, ita ce cinsa, ita ce suturar iyalinsa. Maƙwabcinsa kuwa wani dattijo ne mai fama da ciwon baya, gonarsa ko rabin ta manomin ba ta kai ba. Abin da yake da shi a wurin bai wuce layin ɗoɗɗoya a kan iyakarsu ba, sai amya biyu da ya rataya a wata ɗorawa. Ka dai san halin ɗoɗɗoya: sau ɗaya ake dasa ta, rani ya zo ta yi kamar ta mutu, ruwa na sauka ta sake tohowa. Idan ta yi fure ƙamshinta har kan hanya, ƙudan zuma kuma tun hantsi suna kanta. Mata sukan ratso su roƙi ganye, wannan na miya, waccan na jiƙon ciwon ciki, su yi ta sa wa dattijo albarka, sannan su bi ta gefen kankana ko sannu da aiki babu.

Abin nan ya tsaya wa manomi a rai, har ƙamshin ma ya koma sa masa ciwon kai. Amma abin da ya fi ƙona masa zuciya shi ne ganin ƙudan nan suna tashi daga ɗoɗɗoya su faɗa furen kankanarsa, sannan su koma amyar dattijo. Wato furensa, zumar wani, kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Sai ya tafi wurin mai unguwa ya ce a zo a sake duba iyaka. Dattawa suka zo suka bi tsohon layin gamba, suka tarar ɗoɗɗoyar ta shigo gonarsa da taku ɗaya. Ranar manomi ko abincin rana bai tsaya ci ba. Ya ɗauko diga ya bi ta gindi-gindi yana tonowa har saiwa, yana wurgawa cikin gonar dattijo, yana jiran ya ga an yi masa magiya. Dattijo ya zauna a inuwar ɗorawa yana tsinta, yana raba kowane gindi gida huɗu. Da aka gama ya ɗago kai ya ce, "Allah ya saka da alheri, maƙwabci. Shekara uku ina so in raba su, bayana ya hana ni tono." Washegari ya ɗora su a jaki zuwa wata 'yar gonarsa ta kabewa, can nesa bayan rafi, ya dasa. Amyoyin ma ya sauke ya bi da su, tunda abincin ƙudan ya koma can.

Damina ta yi kyau. Kankanar manomi ta yi yaɗo har ba ka ganin ƙasa, fure ya fito rawaya ko'ina, sai dai gonar tsit, babu ƙugin ƙuda. 'Ya'ya su fito kamar ƙwan zabuwa, su yi kwana uku, su yanƙwane su zube. Ya ƙara taki, ya zagi mai sayar da iri, har ya fara cewa an yi masa baki. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa ƙudan da yake kira ɓarayi su ne suke ɗaura wa furensa aure duk shekarun nan, ba tare da sun nemi ladan aiki ba. Da kaka ta yi, abin da ya samu bai cika mangala biyu ba, mai amalanke ya leƙo ya juya. A bayan rafi kuwa layi ɗaya ya zama huɗu, kabewar dattijo sai mutum biyu sun kama, ya kuma ƙara amya ta uku. Matan gari suka koma tattare zane suna tsallaka ruwa don ganye. Duk sanda manomi ya bi hanyar kasuwa sai ƙamshin ya tare shi, kuma ya san da digarsa da guminsa aka yi wannan yalwa. Saboda irin wannan ne magabata suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.