Mai Yayyanka Zarenta

Goggo Dudu, ajiye hular nan tukuna, wallahi a guje na taho, ko takalmi ban tsaya ɗaurewa ba! Yau Malama Tabawa ta kimiyya ta yi mana darasin ƙwayar cutar nan da kike shan magani a kanta. Kin tuna shekaranjiya kika ce wai jikinki ne ya ci amanarki, ya buɗe wa cutar ƙofa ya koma ya zauna? To ba haka ba ne. Da Malama ta ga ba mu gane ba, sai ta ajiye alli ta ba mu misali, kuma da sana'arki ta ba shi.

Ta ce wasu mata biyu ne maƙwabta, masu ɗinkin hula. Ta farkon akwatinta maƙil da zare, kowane launi, a buɗe a tsakar ɗaki. Ta biyun kuwa, da ta gama hular da ke hannunta sai ta ɗauki almakashi ta yayyanka ragowar zaren gutsi-gutsi, ta zuba a shara. Unguwa har an sa mata suna, mai almubazzaranci. Ana nan sai ga wani baƙo, da allurarsa da takardar zanensa a aljihu, amma ko ƙwaya ɗaya ta zare ba shi da ita. Ya faɗa gidan farko, ya ja akwati, ya ɗinka zanensa tsaf, ya cusa shi cikin samfuran da 'ya'yan gidan ke kwaikwaya. Shi ke nan fa! Yara suka yi ta ɗinka hularsa suna zaton ta uwarsu ce, da zaren uwarsu, a kan idon uwarsu, har akwati ya koma fanko, aikin masu kawo ɗinki ya tsaya. Ya tsallaka gida na biyu. Ya shiga kam, ba wanda ya tare shi a zaure. Ya duba ƙarƙashin tabarma, ya zazzage kwando, ba abin da ya samu sai guntaye, waɗanda ko kafar allura ba sa kaiwa. Ya zauna da allura tsirara, takardar ta yi ta tsufa a hannunsa har ta yage.

Goggo, matar nan ta biyu tana cikin jininki! Wasu daga ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda ba su cikin aiki, suna da wani sinadari, furotin ake ce wa irinsa, sunansa kamar lambar mota, na rubuta a tafin hannu gumi ya goge. Aikinsa ke nan, ya farfasa kayan da cutar ke buƙata ta kwafi kanta. Ta shigo da zanenta da allurarta, ta tarar ba zare.

Ni sai na ɗaga hannu na ce, to Malama, me ya sa har yanzu mutane ke kamuwa? Ta ce madalla da tambaya. Ai mai ɗinki ba za ta zauna ba zare har abada ba. Ran da aka kawo mata aiki dole ta cika akwati, baƙon kuwa ranar yake jira. Nan ne magani ke shigowa ya karya masa allura. Don haka kwalbar maganin can da na ga kin tura bayan samira tun jiya, ga ruwa na ɗebo miki. Jikinki bai zauna ba, Goggo, shekara nawa yana yanka zarensa saboda ke, ba wanda ya ce masa sannu. Ke ma ki riƙe masa ɗaya hannun.

Da Malama za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa tana kaɗe allin hannunta, ta ce mu daina yi wa matar nan mai yanka zare dariya. Kowa ya ƙona rumbunsa, ya san inda toka ke tsada.