Wanda Likita Ya Koma Dominsa

Tela ya zauna a kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa, ya miƙe ƙafarsa ta roba a hankali don kada ta yi ƙara. Ba wanda ya gayyace shi. A rediyo ya ji za a karrama wani likitan sojoji da ya rasu a fagen daga, sai ya rufe shago ya taho.

Tsofaffin sojoji sun cika ɗakin taron, suna rungumar juna, ana tsokanar mai tumbi da mai sanƙo. Wasu suka dubi ƙafarsa, suka dubi fuskarsa, suka wuce.

Kwamanda ya tashi ya ba da labari. Ya ce ran da abin ya faru, daga wani rami ake yi musu ruwan wuta, amma Likita ya yi ta jan ciki yana kwaso waɗanda suka jikkata. Da wutar ta lafa, sai ya jiyo nishin mutum can gaba. Aka riƙe shi, ya fizge. A hanyar dawowa nakiya ta tashi da shi. Har yau ba a san wanda ya koma dominsa ba.

Tela ya runtse ido. Shekara da shekaru fuskar Likitan nan ba ta bar shi ya yi barcin kirki ba. Ga hannayen suna ɗaure masa cinya da ɗamara, ga muryar tana cewa, "Kada ka yi barci, ɗan'uwa. Bari in kira masu ɗaukarka."

Aka miƙa wa mahaifiyar Likita lambar yabo, ta karɓa. Da za ta fita, ta tsaya a gabansa tana dogara sanda.

"Ɗana, na ga kana hawaye. Ka san shi ne?"

"Shi ya ɗaure mini ƙafar nan, Mama. Ba don shi ba, da jini ya ƙare mini."

Ta damƙe hannunsa, ta daɗe tana sa masa albarka. "To me ya sa ka zauna kai kaɗai? Tashi ka shiga cikin abokanka mana."

Ba shi da aboki ko ɗaya a ɗakin nan. Shi ne mutumin da ke cikin ramin ran nan, yatsansa a kan kunamar bindiga.