Hanyar Cikin Kacala

Malama Rakiya, kin ce ɗalibanki kullum idonsu na kan littafi, amma ranar jarrabawa kai wayam. To, gyara zama ki ji.

Wasu masunta biyu ne suka koma wani ƙauye a tsakiyar fadama, inda ba a fita sai da kwale-kwale, ta wata hanyar ruwa mai yawan mararraba a cikin kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Wani tsoho da ya san hanyar ya ɗauke su koyo. Na farko kullum yana zaune a bayan tsohon, yana kallo yana gyaɗa kai: "Na gane, Baba." Wata guda bai yi fashi ba. Na biyu kuwa, tun fita ta uku ya karɓe gorar tuƙi, ya roƙi tsohon ya yi shiru sai in ya ga ya kauce hanya. Ai kuwa ya sha kaucewa! Ya sha cusa jirgi cikin laka, mata masu wanki suna yi masa dariya. Sai ya bar hanyar kwana uku, ta fara dusashewa a kansa, sannan ya dawo ya laluɓo ta. Daga baya ya riƙa barinta mako guda, har biyu.

Ran nan da hantsi haihuwa ta zo wa matar na farko da gardama. Ungozoma ta ce sai asibiti, ga tsoho kwance da zazzaɓi. Mijin ya sa ta a jirgi ya figi gora, amma a mararraba ta uku ya tsaya cak. Kacala dama, kacala hagu! Ashe ƙeyar tsoho ya haddace, ba hanya ba. Matar na nishi, shi yana zufa, ya ƙwala kira. Mutumin lakar nan ya jiyo daga inda yake su, ya garzayo ya karɓi gora. Duk inda ya taɓa maƙalewa ya zame masa alama. Ko waiwaye bai yi ba har gaɓar asibiti. Kafin azahar sai guɗa: an sami mace, uwa lafiya, 'ya lafiya. Wallahi duk sanda na tuna sai daɗi ya kama ni.

Don haka ki sa su rufe littafin nan ki tambaye su. Su yi kuskure a gabanki ki gyara, ki bar su kwana biyu ki sake tambaya. Hausawa sun gama magana: iya ruwa fid da kai.