Jaririn da Ke Hannun Guanyin

Ruolan ta kwashe tokar turare daga ƙafafun gunkin Guanyin, ta matse tsumma, ta goge gwiwoyi da kafaɗu. Da ta kai wuya sai ta tsaya. Shekara arba'in tana sharar wannan haikali na bakin kogin Min, kullum a nan take tsayawa.

Lokacin da aka kawo ta ƙauyen tana amarya, Guanyin, Mai Jin Kukan Duniya, namiji ne da siririn gashin baki. Masunta ke durƙusa masa in ruwa ya yi fushi. Da gara ta cinye shi, matan ƙauye suka ce irin ta birni suke so: mace cikin farin mayafi, da jariri a hannu. Aka ɗauko masassaƙi daga bayan duwatsu. Shinkafa ba ta yi ba a shekarar, amma haka aka ciyar da shi har ya gama.

Tun daga nan mata ba su yanke da zuwa ba. Kan jaririn har ya yi sheƙi don shafa.

Da hantsi Sufen, matar mai fito da kwalekwale, ta shigo da tsohon ciki. Ta ajiye lemo uku, ta kunna turare, ta shafa kan jaririn sannan ta shafa cikinta.

"Iya, da gaske tana ba da namiji?"

"Haka ake faɗi," in ji Ruolan.

"Ke kin taɓa roƙonta?"

"A'a."

"Kina gindinta tun ba a haife ni ba? Kai, Iya, ke dai dutse ce!" Sufen ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. "'Ya'ya mata biyu gare ni. Uwar mijina ta ce in wannan ma mace ce, kogi ba nisa."

Ruolan ta ci gaba da shara. Ba ta ji komai a ƙirjinta ba. Ta daɗe da daina ji. Sai da ta kai bakin ƙofa ta yi magana.

"In mace ce, ki aiko a kira ni kafin a yanke cibiya. Ina da ɗaki, ina da akuya mai nono."

Sufen ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ido ga gunkin.

"Dubi yadda take kallon ɗan nan, Iya. Kamar za a ƙwace mata shi."

Ruolan ba ta ɗaga kai ba, don ta san kallon. Kwana tara ta zauna gaban masassaƙin cikin farin mayafi, da jaririya a hannu, yana sassaƙa siffarta, yana ce mata kada ta motsa. Jaririn da matan ƙauye ke shafawa don neman namiji kuwa 'yarta ce ta uku, wadda aka zare daga hannunta aka kai kogi ranar da aka gama sassaƙar.